Ina zan riƙa kai ɗan karena yawo a Sakkwato ba tare da na takura wa kowa ba?

Abban Hafsa, Arkilla

Assalamu alaikum jama'a. Na yi kwanaki ina juya wannan tambaya a raina kafin in kawo ta nan, don na san yadda maganar kare take a garinmu. Ina roƙon duk wanda zai ba ni amsa ya daure ya karanta har ƙarshe.

Gidan haya nake zaune a Arkilla, ɗaki biyu da falo. Tsakar gidan siminti ne, taku goma ka taɓa bango. Maƙwabcina na shekara huɗu, wani ma'aikacin lafiya mutumin Jos, an yi masa canjin wurin aiki a watan Janairu. Yana da ɗan kare irin masu dogon gashin nan da ake ce wa Lasa, kuma gidan da zai koma ba a yarda da dabba ba. Ya yi cigiyar wanda zai karɓa har ya gaji. Ranar da ake loda kayansa a mota na ji wani yana ba shi shawara wai a kai shi bayan gari a sake. Karen da bai kai girman muzuru biyu ba, wanda bai taɓa neman abinci da kansa ba. Ko kwana biyu ba zai yi ba. 'Yata Hafsa tana tsaye tana ji, ta kalle ni, ni kuma na kasa yin shiru. Na ce a bar mini shi.

Fari ne tas, shi ya sa yara suka sa masa Auduga. Shekararsa uku, nauyinsa kilo shida. Ba ya shiga ɗakunanmu. Na yi masa keji a ƙarƙashin rumfa kusa da ƙofar gida, kwanonsa daban, wurinsa daban, kuma ko motsi aka yi a bakin ƙofa da dare sai ya sanar da mu.

Damuwata ita ce, tun da ya dawo hannuna ya zama ɗan kurkuku. Mai shi na farko yakan sa shi a mota ya fita da shi kusan kullum. Yanzu ya fara tauna takalma, yana tonon gindin ƙofa, wani lokaci ya kama haushi tsakar dare ba gaira ba dalili. Sau uku na gwada fita da shi. Na farko bayan la'asar a layinmu, yara suka yi mana ayari suna ihu, har wani ya jefe shi da dutse. Na biyu wajen ƙarfe biyar na yamma a kan kwalta, ya riƙa ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe ya zauna ya ƙi tafiya, sai ɗaukar shi na yi. Na uku na zauna wurin wani mai shayi da shi a gefena, mutum biyu suka tashi suka bar shayinsu. Mai shayin ya yi mini magana cikin mutunci, kuma ban ga laifinsa ba.

Wani ƙanena da ke karatu a Ingila ya ce can wuraren shan shayi da kofi, har da mashaya, wasu sukan rubuta a ƙofa cewa ana shiga da kare, su ajiye masa kwanon ruwa. Na san nan Birnin Shehu ne, ba wannan nake nema ba. Abin da nake so in sani: ina zan kai shi ya miƙe ƙafa, da wane lokaci? Kuma akwai inda mutum zai iya zama a waje ya sha shayi da shi a gefensa, ba tare da ya kori masu ciniki ba?

Baba Mai Ritaya, Kanwuri

Wa alaikumus salamu, ɗana. Na karanta har ƙarshe kamar yadda ka roƙa.

Ni ba malami ba na, amma na zauna gaban malamai a zaure shekaru masu yawa, kuma ba ni iya ganin wagga magana in wuce. Abin da munka karanta cikin Risala shi na, ba a aje kare cikin gidaje sai don gona, ko dabbobin kiwo, ko farautar da mutum ka ci da ita. Kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya aje kare ba don waɗanga dalilai ba, ana rage mishi lada kullum. Wasu malamai sun haɗa da tsaron gida idan akwai buƙata. Ko naka ya shiga ciki, wanga ba ni ka yanke ma ba. Ka tai wurin malamin da ka yarda da iliminai, ka hwaɗa mishi komi yadda ka hwaɗa muna nan, kada ka rage kada ka ƙara.

Amma akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba, ko sun sani sun mance. A mazhabarmu ta Malikiyya, kare mai rai ba najasa ba na, jikinai da yawunai. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki, umurni na anka yi muna kuma muna bi. Saboda haka yaron da ya jehe shi da dutse ba addini ya koya mishi haka ba. Kowa ya san labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminai ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta mishi. Tun da ya shigo hannunka, cinai da shanai da lahiyatai suna wuyanka har ranar da ka samo mishi wani wuri, in ka samo.

Shawarata ɗaya ta. Kada ka bi da shi ta bakin masallaci, ko makarantar allo, ko maƙabarta. Tsohon gari gaba ɗai ka bar shi, wajen Hubbare da Masallacin Shehu da hwada. Layukan matsattsu na, mutum da alwallatai ba shi da inda za shi kauce ma. Ranar Juma'a kuwa ka bar shi gida. Allah Shi yi ma jagora.

Likitan Dabbobi, Runjin Sambo

Allah Ya saka wa Baba da alheri. Ni zan tsaya a ɓangaren da na sani.

Malam Abban Hafsa, kafin mu je ga ina, akwai abin da ban ji ka ambata ba: katin allurarsa. Mai shi na farko ya bar maka? In bai bari ba, ko kuma allurar ƙarshe ta haura shekara, to kada ka sake fita da shi sai ka kai shi an yi masa rigakafin ciwon haukan kare. Ana fara ta tun kwikwiyo yana da wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. Akwai kuma allurar haɗaka da ke kare shi daga cututtuka irin su fabo, mai sa amai da gudawar jini, wadda ƙwayarta ke daɗewa a ƙasa inda wani kare ya yi kashi. Karen da ya tashi a cikin gida shi ya fi saurin kwasar irin waɗannan in ya fara fita. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi, akwai kuma asibitin dabbobi na jiha. Ka je ɗaya daga ciki, a buɗe masa kati, a ba shi maganin tsutsar ciki, wanda ake maimaitawa duk bayan wata uku. Katin nan ka ɗauki hotonsa a wayarka. Ranar da wani abu ya faru a hanya, shi ne zai yi maka magana.

Sai batun zafi, wanda a ganina shi ne babban abin da zai iya kashe maka shi, ba jifan yara ba. Lasa asalinsa daga Tibet yake, ƙasar duwatsu da sanyi, inda ake ajiye shi a cikin gidaje da wuraren ibadarsu don ya yi haushi in baƙo ya shigo. Shi ya sa kake ganin ba ya barin motsi ya wuce. To dabbar da aka halitta da wannan gashi, ga ɗan gajeren hanci, ita ce ka fita da ita ƙarfe biyar na yamma a garin da daga Maris zuwa Mayu zafi ke haura digiri 40. Kare ba ya gumi kamar mu. Da haki yake fitar da zafin jikinsa, kuma in iskar da yake shaƙa ita ma zafi gare ta, hakin ba ya yi masa amfani sosai. Ga shi gajere, cikinsa kusa da ƙasa, duk hucin kwalta a kansa yake ƙarewa. Ɗaga ƙafar da ka ga yana yi, ƙuna ce. Ka duba tafin ƙafafunsa yau, in ka ga ya yi ja ko ya saɓule, ka haɗa da shi in za ka je asibiti.

Gwaji mai sauƙi: ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta ko yashi ka ƙirga bakwai a hankali. In ba ka iya jurewa ba, shi ma ba zai iya ba. A bazara za ka tarar har bayan magariba kwalta ba ta gama hucewa ba. Saboda haka lokacinka na gaskiya shi ne bayan sallar asuba, da gari ya fara haske zuwa ƙarfe bakwai da rabi. Minti ashirin zuwa talatin ya ishe shi, ba karen farauta ba ne. Kuma ka bar shi ya yi ta shinshine-shinshine, kada ka riƙa jan shi. Shinshinar nan ita ke gajiyar da shi fiye da tafiyar, ita ce za ta hana shi tauna maka takalma.

Ka riƙa tafiya da ruwa da ɗan kwanonsa. Kare mai kilo shida, abin da yake sha a rana bai cika kai ledar fiya wata ɗaya ba in babu zafi, amma a bazara yakan wuce haka. In ka ga haki ya yi yawa, harshe ya zazzago ya yi jajir, yawu na dalala, yana tangaɗi, to zafi ya kama shi. Ka kai shi inuwa, ka zuba masa ruwa mai sanyi a ciki da wuya da ƙafafu, ka yi masa fifita, ka nufi asibiti. Kada ka taɓa barin shi a cikin mota a rufe, ko da na minti biyar ne.

Gashin kuma a rage masa, amma kada a aske shi ƙwal, rana za ta ƙone fatar. A rage wanda ke tsakanin yatsunsa da wanda ke rufe masa ido, musamman da hunturu ya zo da ƙura. In ka fara kai shi wajen gari, ƙarangiya da tsidau za su zama abokan faɗanka. Ƙarangiya takan dunƙule cikin irin wannan gashi har ta ci fata. Duk dawowa ka zauna ka bi jikinsa da hannu da mataji: kunnuwa, hammata, tsakanin yatsu. Da damina ka ƙara da neman kaska, don tana sa musu zazzaɓin da ke shanye jini. Kada ka bar shi ya kwanta a kan yashi mai laima a inuwa inda dabbobi ke fitsari, akwai ƙudan da ke yin ƙwai a irin wurin, tsutsar ta shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru.

Abu na ƙarshe, tun da kana maganar zama wurin mai shayi. Mutane masu kirki za su so su jefa masa abin da suke ci. Ka hana cikin ladabi. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, kuma mu nan komai namu da albasa. Wainar ƙwai, indomi, tsire, balangu, duk a ciki. Haka cakulan, inabi, da ƙashin kaza dafaffe. In ya yi rashin lafiya kada a ba shi maganin ciwon kai na mutane. Kuma ka lura da abin da yake tsinta a gindin shaguna, don ana yawan zuba maganin ɓera.

Maman Walid, Mabera

Ni kam ku yi haƙuri, zan faɗi tawa ko ba za ta yi daɗi ba.

Shekara biyu da suka wuce kare ya ciji ɗana a ƙwauri yana dawowa daga Islamiyya. Shekararsa shida lokacin. Ba wani ƙaton kare ba ne, ɗan ƙarami ne irin wanda ake cewa ba ya komai, mai shi ya bar ƙofa a buɗe. Da muka je wurinsa sai ya ce ai wasa yake yi masa. Na ce ina shaidar allura, ya ce an yi amma katin ya ɓace. Ranar nan sai da muka je wuri uku kafin mu sami allurar, kuma ba guda ɗaya ba ce, a jere ake yin su kwanaki daban-daban. Kuɗin da muka kashe ban ma son tunawa. Har yau in Walid ya hango kare daga nesa sai ya riƙe mini hijabi, jikinsa na rawa.

Saboda haka, Abban Hafsa, da kake cewa mutum biyu sun tashi sun bar shayinsu, ba ka san abin da ya taɓa samun su ba. Kai ka san Auduga, mu ba mu san shi ba. Jifa ba daidai ba ne, ni ma ba na barin nawa su yi. Amma roƙona gare ka: igiya a hannunka koyaushe, gajera, ba irin doguwar nan da kare ke gaba mai shi na can baya yana danna waya ba. Lokacin zuwa makaranta da tashi, boko ko Islamiyya, kada a gan ku a layi. In ka hango mace da yara, kai za ka tsallaka ɗaya gefen, ba su ba. Kuma in ya yi kashi a ƙofar gidan mutane ka kwashe, don mu ne muke shara, yaranmu ne ke wasa a wurin ba takalmi.

In ka kiyaye waɗannan ni ba ni da matsala da kai. Na ma ji daɗi da ba ka bari an yar da shi a daji ba.

Likitan Dabbobi, Runjin Sambo

Hajiya, Allah Ya ƙara wa Walid lafiya. Maganarki gaskiya ce daga farko har ƙarshe. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum kusan dubu 59 ke mutuwa duk shekara da ciwon haukan kare, yawanci a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan babu mai tashi. Don amfanin kowa: in kare ya ciji mutum ko ya yaƙushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru. Karen kuma a tsare shi a sa masa ido kwana goma.

Ɗan Fadama, Kwalkwalawa

Sannunku. Ni manomi na, albasa da dankali nika yi bakin gulbi, kuma mun tashi da karnuka tun muna ƙanana, sai dai namu na tsaron gona na.

Malam, in wurin tahiya kaka nema, ka fito waje. Hanyar da ta tai jami'a, in ka kusa gadar Kwalkwalawa, wadda ruwa ya cinye a ambaliyar 2010 anka sake yi, akwai hanyoyin ƙasa da sunka gangara cikin fadama. Da sahe wurin akwai sanyi ko da bazara, don ga ruwa ga shuka. Ƙasa ta, ba kwalta ba. Kuma mutanen nan sun saba ganin kare, ba wanda za ya yi ma ayari. Iyaka dai su tambaye ka ko tunkiya ta, don ba mu saba ganin mai irin wanga gashi ba.

Amma ka ji sharuɗɗa. Kada ka sake shi. Karnukan gona da na Fulani masu kiwo ba su san wasa ba, kuma ba su son baƙo cikin wurinsu. In sunka taru mishi, ɗaga shi ɗai za su yi. Da ka hango su ka ɗauke shi ka rungume, ka tsaya cik, kada ka gudu, ka kira mai gonar. Shanu ma haka, saniya mai ɗan maraƙi tana iya bin shi. Kada ka bari ya shiga cikin fangali, ya taka ma mutum dashen albasa, nan na za a yi rigima. Ka bi kan hanya, ka yi sallama ga duk wanda ka iske, ka ce mishi sannu da aiki. Gobe in ka dawo shi za ya fara gaishe ka.

Da damina ruwa kan cika wurin, ga sauro ga macizai, ka dakata sai kaka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa ba ka son komawa gida. In ka gama, masu kihi suna nan bakin hanya, ka saya ma iyali.

Daga Arkilla akwai 'yar tazara, ba wurin zuwa kullum ba na. Ka mai da shi Asabar ko Lahadi. Sauran kwanaki ka nemi layukan GRA inda dogon yaro ya yi inuwa, gidaje da katanga, yara ba su cika zama waje ba.

Mai Shayin Bakin Titi

Tun da an taɓo sana'armu bari in sa baki. Shekara goma sha ɗaya ina tebur.

Alhaji, abin da ya sa ɗan'uwana ya yi maka magana ba ƙiyayya ba ce. Mu jarinmu kofi ne da amana. In mutum ɗaya ya fita ya ce ya ga kare yana lasar kofi a teburin wane, ko ƙarya ce, to an gama da teburin. Kuma yawancin masu zama da safe daga masallaci suke, wasu za su wuce wurin aiki da tufafinsu masu tsabta.

Kuskurenka shi ne ka zo da shi kai tsaye. Da ni ne, ka fara zuwa kai kaɗai. Ka sha shayi kwana uku ko huɗu, mu saba. Sannan ka ce, wane, ina da ɗan kare, ga hotonsa, ga katin allurarsa, akwai lokacin da zan iya zuwa da shi ban ɓata maka ciniki ba? Kowane mai shayi ya san lokacin da tebur ke mutuwa. Ni nawa daga tara da rabi na safe ne, amma na ji Likita ya ce rana ta yi lokacin, to akwai kuma bayan goma na dare in majalisa ta watse. Ka nemi teburin da ke da fili a baya ko bishiya a gefe. A fitar maka da ɗan benci can, ka ɗaure shi a ƙafar bencin, nesa da wurin wanke-wanke da inda ake aje burodi. Kwanonsa ka zo da shi daga gida, ko a ido kada ya yi kama da namu. In wani ya zo ya nuna bai so, kai ne za ka tashi, ba sai na roƙe ka ba.

Wuraren cin abinci na zamani masu gilashi da na'urar sanyi kuwa kada ka wahalar da kanka. Masu kujeru a waje ma sai ka tambayi mai wurin tukuna.

Abban Hafsa, Arkilla

Jama'a, na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa. Na yi shiru kwana goma sha biyu ne don ina so in gwada kafin in dawo.

Baba, na je wurin malamina kamar yadda ka ce, na faɗa masa komai. Ya yi mini tambayoyi a kan inda yake kwana da dalilin riƙe shi, ya ba ni amsa, ya kuma ɗora mini sharuɗɗan da nake bi yanzu. Ba zan kawo amsar nan ba don kada wani ya ɗauke ta ya ɗora a kan halin da ba irin nawa ba.

Likita, ka yi gaskiya. Na kira mai shi na farko, ashe allurar ta wuce da wata biyar. An yi masa, an buɗe sabon kati, an rage gashin. Ƙafarsa ta dama ta gaba kuwa ta ɗan saɓule, sai da muka jira mako guda ta warke. Abin ya dame ni sosai, don ni na ja shi a kan kwaltar nan ina ganin taurin kai yake yi. Sun kuma ce in daina sa masa igiya a wuya, na sayo irin ɗamarar da ke kama ƙirji.

Maman Walid, maganarki ce ta fi zauna mini. Na yanke igiyar ta dawo kamu uku, kuma leda ba ta rabuwa da aljihuna. Yaron da ya yi jifan na je gidansu, ba da faɗa ba. Na gaisa da babansa, na nuna masa katin. Shekaranjiya yaron ne ya tsaya daga nesa yana tambaya ta ko gaskiya ne sunansa Auduga.

Yanzu muna fita ana idar da asuba in na dawo na canza kaya, mu bi ta bayan layinmu inda ba a gama gine-gine ba, mu dawo kafin 'yan makaranta su fito. Haushin dare ya ragu sosai. Asabar da ta wuce na sa shi a mota mun je fadama ni da Hafsa. Ɗan Fadama, sau ɗaya na ɗauke shi saboda wasu karnuka biyu, mai gonar ya tsawata musu suka koma. Ƙarangiya goma sha huɗu na cire masa da muka dawo, Hafsa ce ta ƙirga.

Batun shayi ne ban kai ga gamawa ba. Akwai wani tebur kusa da mu mai bishiyar dogon yaro a baya, yau kwana huɗu ina zuwa ni kaɗai. Gobe in Allah Ya kai mu zan nuna masa hoton.

Likita, tambaya ɗaya ta rage. Damina ta kusa, wane maganin kaska ya dace da mai kilo shida? Wani ya ce in yi masa wanka da irin wanda ake fesa wa shanu, na ce sai na tambaye ka.

Likitan Dabbobi, Runjin Sambo

Kada ka kuskura. Na shanu an haɗa shi ne don dabba mai ɗaruruwan kilo, kuskure kaɗan wurin sirkawa zai iya kashe shi. Akwai na karnuka da ake ɗigawa a bayan wuya, akwai na haɗiya, kowanne da awon nauyinsa. Ka koma inda aka buɗe masa kati kafin ruwan farko, su auna shi su zaɓa maka. Ka tafi da safe.